Ba Ko'ina, Jika Biyu

Jikana Mutari da ke Aljer ya ce can akwai jirgin ƙasa
mai bin tsakiyar gari kamar akuyar gida.
Ka biya kaɗan, ka zauna bakin taga,
gari ya zo da kansa ya gifta ta gabanka.
Na ce mu a Maradi ba mu da dogo,
amma muna da Illo da adaidaitarsa.

Shekara bakwai yana ta rufe mini ido.
Garin nan da tafin ƙafa na san shi, da hanci:
inda kwalta ta ƙare, inda ake suyar ƙuli-ƙuli,
inda kwata ke gaishe ka tun daga nesa.
Ran Talata likita ta ɗaye audugar,
ta ɗaga yatsu, ta ce nawa?
Na ce uku, da zoben azurfa a na tsakiya.

Illo ya ce, Baba, ina muka nufa?
Na ce ba ko'ina.
Ya sosa ƙeya, ya ce ba ko'ina jika biyu ne.
Na ce ja mu tafi.

Ashe haka tumatirin Jiratawa yake da ja!
A bakin babbar kasuwa ya taru tsibi-tsibi,
har na ji kunyar yadda na manta shi.
Fetur a kwalabe ya yi layi gefen hanya,
rana ta shige shi, ya koma kamar shayi.
Wata yarinya ta wuce mu bisa babur,
mayafinta na kore na ƙoƙarin kamo ta.

A Zariya gidaje sun hau kan juna,
kowane rufi da faifan shan rana.
A Ali Ɗan Sofo, gonar da na taɓa roron gyaɗa
ta yi ƙofar ƙarfe, ta yi maigadi.
Shagona na ɗinki yana nan inda na bar shi,
sai dai wayoyi ake ba wuta a ciki,
sun fi sittin, kowace da igiyarta, kamar tumaki a turke.

Wata mata ta tsai da mu, ta shigo da roba a cinya.
Ban san fuskar ba sai da ta yi sallama.
Hadizatu mai koko!
Shekara bakwai ina zana ta doguwa a raina,
ashe ko kafaɗata ba ta kai ba.
Ta ce Malam, kallon fa?
Na ce bashi nake biya.

Muka gangara Maradawa, muka dangana da gulbi.
Ba ruwa, sai yashi da sawun shanu
da jajayen awaki uku suna gardama da ƙaya.
Na ce Illo kashe injin.
Ya kashe. Na kalli yashi har ya fara hamma.

Da za mu koma, sai gida ya ɓace mini.
Kowane lungu a Bagalam ɗan'uwan wani ne,
bango ja, ƙofa shuɗiya, yara, bango ja.
Illo ya ce dama ko hagu?
Ido ya yi shiru.

Sai na rufe shi.
Rami ɗaya. Rami biyu. Injin niƙa.
Ƙamshin daddawar gidan Ba'u.
Tudun nan da ke buga ƙugu.
Na ce tsaya, nan ne.

Na buɗe.
Cima na tsaye bakin zaure da buta a hannu.
Furfura ta leƙo ta ƙasan kallabi,
wadda ba wanda ya ba ni labarinta.
Ta ce me ka gano a garin?
Na ce matsa cikin haske tukuna,
ban gama yawon ba.

Illo na bayana yana tari.
Jika biyunsa yake jira.